Kumurci a Gidan Haya

Shekaranjiya wasu samari biyu suka taka har bukkata a bayan gari, ɗaya da agogo a hannu, wai sun zo in koya musu kamun maciji. Sun gan ni ranar kasuwa na rataya gamsheƙa a wuya ana ta shewa, sai suka ɗauka abin banza ne. Na tambayi mai agogon inda zai ajiye shi in ya kama. Ya ce yana da ɗaki. Na ce a gidan ubanka? Ya ce a'a, haya yake. Na ce mutum nawa ke kwana a gidan? Ya hau ƙirga da yatsu, ya kai goma sha ɗaya bai gama ba. Na ce su ɗauki takalmansu. Sun tafi suna cewa tsohon nan rowar sani gare shi, ni kuma ban tsaya gyara musu ba, don na gaji da bayani.

Amma ku da kuke ganin sana'ar gardi wasa ce, bari in faɗa muku sau ɗaya in huta. Kamun maciji ba shi ne aikin ba. Duk mai taurin rai da sanda a hannu zai kama. Aikin shi ne ajiyewa: ka kwana da abin da zai iya kashe mutum, ka tashi da shi, shekara da shekaru, bai taɓa wanda bai ce yana so ba. Na haura shekara arba'in a ciki, sau ɗaya na kasa. Wannan sau ɗayan kuwa idon mutum ya ci, maƙwabcina, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa.

Aikin farko da maigidana ya ba ni kamun kwaɗi ne. Baba Dogo ake ce masa. A gefen fadamar Auyo yake zaune shi kaɗai, bukka biyu da rumfa, in ka tsaya a ƙofarsa ka ƙwala kira ba wanda zai ji ka a gari. Na je masa gemuna ya fara tsirowa, na baro gonar shinkafar ubana, ina tsammanin kafin wata ya mutu zan fara rawa da kumurci. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min gora, ya nuna min tabki da leɓe. Damina biyu ina kamun kwaɗi da ɓeraye, ina wanke tukwane, ina kwashe kashin kura, don yana da wata tsohuwar kura mai warin da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ban taɓa maciji da hannuna ba sai a shekara ta uku.

Tukunya ce uwar sana'ar, ba sanda ba, ba laya ba. Wata tsohuwa a Kafin Hausa ke gina mana, ita kaɗai ta iya. Mai kauri, mai ƙaramin baki, marfinta ba a bisa yake zama ba, ciki yake shiga ya zauna daram. Tun tana ɗanya ake huda ta da tsinke wuri shida ko bakwai don numfashi. In ka saya, kafin ka ɗora ta a kan jaki, sai ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ka saurara. Lafiyayya tana amsawa, mai tsaga kuwa shiru take yi. A zuba busasshen yashi a gindinta, a ɗora ta a kan duwatsu uku don sanyin ƙasa, a ɗaure marfin da igiyar rama, ɗauri biyu masu gilma juna. Baba Dogo ya taɓa sa ni kwance ɗaurin tukunya ɗaya in sake har sau talatin a yini guda, saboda ya sa ɗan yatsa ya ji igiyar ta motsa. Na yi kuka a bayan rumfa ranar, da girmana.

Sauran kayan ba su da yawa. Sanda mai baki biyu ta danne wuya, jakar fata ta tafiya, da wani tsumma mai kauri na cire haƙori. Duk tsayuwar wata akan fito da kowanne, a tsokane shi ya ciji tsumman, a fizge, haƙoran dafin su biyo. Ku da kuke kallo a kasuwa kuna tsammanin an cire an gama ke nan. Haƙorin maciji kamar farce yake, ka yanke ya sake fitowa. Wanda ka cire wa yau, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ya koma yadda Allah ya yi shi. In an cire, sai a shafa toka a marfin, don gobe kada ka yi gardama da kanka.

Kowanne kuma da halinsa. Kasa malalaciya ce, sai ka taka ta. Kububuwa ba ma ajiye ta sam, ƙarama ce, ba ta da kyan kallo, kuma ba ta yafiya. Gamsheƙa ita ce ta wasa, tana tashi ta buɗe kai mutane su ja da baya. Kumurci kuwa ba ya jira ka zo kusa. Daga nisan taku uku yake tsarto dafi, kuma ido yake nema, ba ya kuskure. Ba a buɗe tukunyarsa fuska na kallonta. Mukan sa musu suna da garin da aka kamo su, muna yi musu magana muna aiki, duk da mun san ba ji suke ba. Sabo ne kawai, irin na mai jaki da jakinsa.

Abu biyu Baba Dogo ya ce in riƙe ko bayan ransa. Na farko, kada tukwane su fi ƙarfin safiyata. In ba zan iya buɗe kowace in duba in ɗaure kafin hantsi ba, sun yi yawa, in saki wasu. Na biyu ya faɗa min da murya ƙasa-ƙasa, ko da yake daga mu sai kura a wurin.

"Haruna, bare ba ya jin maciji ya kuɓuce wa gardi. Ko uwarka ce."

Na ce, "Baba, in ya fita fa?"

"Ka neme shi bakinka a rufe. Kana tsammanin kwabban da ake watso mana muke ci? Makari muke ci. Manomin da ya sayi garin maganinka ya saya ne don ya yarda maciji na jin maganarka. Ranar da ya ji ɗaya ya tsere maka, ka zama mai tallan garin itace."

Ya ba ni labarin wani gardi a Guri da ya taɓa fitowa yana ihu gamsheƙarsa ta gudu, ya ƙare yana faskare, yara na binsa da waƙa. Duk gardawan da na sani da wannan ka'idar suka tashi, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. A wurinsa kuma ba ta taɓa cutar da kowa ba. Sau biyu ina nan maciji ya fita, muka duba bukka, muka duba rumfa, da ba mu gan shi ba Baba ya ce ya koma gidan ubansa, muka ci tuwo. Wa zai sara a wannan dajin? Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ka'idar daji ce ba.

Da ya rasu na sayar da kurar ga wani mai zuwa Nguru, don ni ban taɓa sonta ba, na ɗauko tukwane shida na shigo Hadejia. A gari masu nemana suke. Ga kasuwa, ga masu kira in ciro musu maciji daga rumbu ko rufin ɗaki, ga masunta da ke sayen makari su ƙulle a bakin wando kafin su shiga ruwa. Ga kuma wani akawu a tashar Malam Madori da ke saye da rai, a zuba a akwatin katako mai waya, wai wani Bature ke aikawa da su ƙasarsu a yi magani. Ban taɓa ganin Baturen ba. Akawun dai in ya zo daga nesa yake tsayawa, ya nuna da sanda.

Ɗaki na samu a gidan wata dattijuwa, Iya Talle, ɗaki tara kewaye da rijiya ɗaya. Masunta biyu, mai goro, lebura, da wasu masu iyali. Ranar da na zo ta tsaya a tsakar gida tana kallon tukwanen, hannunta a ƙugu.

"Ɗan nan, abin nan naka ba ya fita?"

"Iya, ko iska sai da izinina take fita daga tukunyata."

"To, ni dai jikoki gare ni. Ka ji tsoron Allah."

Na sa ƙyaure mai makulli, na toshe duk wata kafa da laka da fasassun kwalabe. Shekara takwas ko motsi ba wanda ya ji. Har matan gidan suka saba, suna shanya gari a ƙofata don a nan rana ta fi zama.

Ɗakin da ke jikin nawa na Malam Bukar ne, tela, Bamange, ya girme ni da shekara goma. Shi da matarsa Falmata. Yana da keken ɗinki na ƙafa, kuma yana da ido. Da almuru, kowa na neman fitila, shi sai ya ɗaga allura sama ya zura zare a tashi ɗaya, ya waigo ya ga ko an gani. Shi ya ɗinka min jakunkunan tafiya, ɗinki biyu-biyu, yana yi yana cewa ba don ni yake ƙarfafawa ba, don kansa. Kullum da safe a bakin rijiya gaisuwarsa ɗaya ce.

"Gardi, yaya baƙin naka suka kwana?"

"Lafiya lau, Malam, suna gaishe ka."

"Ka ce musu na amsa daga nan."

Sai shekarar babban ruwa ta zo. Ku ba ku gan ta ba. Kogi ya ƙi tsayawa inda ya saba, ya cinye shinkafa, ya cinye gero, ya shiga garuruwa. Mutanen ƙauye suka riƙa zuwa cikin kwale-kwale da tabarmi da awaki, kowa ya sauka wurin danginsa. Gidan Iya Talle mai ɗaki tara ya koma ba wurin sa ƙafa, ana kwana a zaure, ana kwana a madafa. Kuma ba mutane kaɗai ruwa ya koro ba. Duk abin da ke rami ya fito neman tudu. A rumbu ɗaya, a wani ƙauye ta wajen Guri, na ciro huɗu, ina tsaye cikin ruwa iya gwiwa, mai rumbun yana kan itace yana yi min addu'a. Daga asuba zuwa magariba ana aiko min, har ƙafata ta yi fari ta tsattsage.

A nan kwaɗayi ya kama ni, ba sai na sakaya ba. Akawun ya aiko cewa Bature na son ko nawa ne, amma hanya ta yanke, in riƙe masa har ta buɗe. Da can in na kamo wanda ba na so, nesa nake kai shi in saki. Yanzu sai na riƙa tarawa. Shida suka zama goma, goma suka zama sha tara. Kafin Hausa ba ta zuwuwa, to ina zan samu tukunyar kirki? Na sayi tukwanen miya, na sayi tulu, na rufe da faifai na ɗora dutse. Safiyata ba ta isa in duba rabinsu. Wata ya tsaya ina cikin kwale-kwale, ya sake tsayawa ina kwance da zazzaɓi, tsumman cire haƙori na rataye ko taɓa shi ban yi ba.

Sannan na yi wayon da sai gardi ne zai yi shi. Na ce sababbin kamu su ne masu fushi, su suka cancanci tukwane masu marfi. Tsofaffina kuwa sun saba, ko a buɗe aka bar su ba inda za su. Sai na kwashe tsofaffin na zuba a tulu da tukwanen miya. Cikinsu akwai wani kumurci, Na-Guri, baƙi wuluk, ya kai tsawon gaba guda, shekararsa huɗu a hannuna. Na san shi har na daina ganinsa.

Wata safiya na buɗe ido na ga dutse a ƙasa. Danshi ya jiƙa daɓen ɗakin, duwatsun da ke ƙarƙashin tulun suka nutse ta gefe ɗaya, tulun ya karkace, faifai ya zame. Na leƙa, yashi kawai. Na rufe ƙofa na kwashe komai na ɗakin ɗaya bayan ɗaya, na zazzage tabarma, na duba azara. A bayan tukwane, gindin bango, na ga laka ta rufta, ɓeraye sun buɗe rami ya kai faɗin hannu. Ramin ɓera a gidan laka ba wanda ya san inda ya nufa. Zai iya fita waje, zai iya ɓullowa a kowane ɗaki cikin tara.

Na zo bakin ƙofa, na kama ƙyaure. Ta kafar ƙofar ina ganin tsakar gida: mata na daka, wata jaririya na rarrafe wajen tulin itace, tsofaffi biyu na kwance a ƙasa kan tabarma. Kalma biyar ce, ku fita, maciji ya kuɓuce. Na buɗe baki. Sai na ji muryar Baba Dogo kamar yana bayana. Na ce a raina ai Na-Guri ba shi da haƙori. Na dubi faifan, ba toka. Na ƙirga wata, biyu. Na san yana da haƙori, ban ruɗi kaina ba ko na minti ɗaya. Duk da haka na ce zan same shi kafin azahar, ba sai kowa ya ji ba. Na wanke fuska na fita da guga.

"Gardi, yaya baƙin naka suka kwana?"

"Lafiya lau, Malam."

Kwana uku ina farauta a gidan mutane bakina a rufe. Na ce ɓeraye nake nema wa macizaina, aka yi ta yi min godiya, don ɓera ya dami kowa. Na kwashe tulin itace na sake jerawa. Na duba bayan randuna, akurkin kaji, ƙarƙashin turmi. Na barbaɗa toka a bakin kowace ƙofa na ce maganin cinnaku ne, ina dubawa da sassafe ko zan ga sawun ja. Na ɗaure kwaɗi biyu da zare a lungu, suka kwana suka tashi ba abin da ya taɓa su. Ɗakunan gwauraye duk na shiga da dabara. Amma ɗakin mai aure ba a shigarsa haka nan, sai da dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba zan faɗa ba. Sau biyu na tsaya a ƙofar Malam Bukar, ina jin ƙarar kekensa, na yi sallama, ya amsa, na ce wucewa nake. A rana ta uku na fara gaya wa kaina ya fita gari, ya bi ruwa, ya koma gidan ubansa. Har na ci abinci ranar.

Rana ta huɗu da hantsi ina wanke tukunya na ji keken ya tsaya. Sai ƙara. Ban taɓa jin babban mutum ya yi irinta ba. Falmata ta fito da gudu ba ɗankwali. Na shiga da sanda. Malam Bukar na durƙushe, tafukansa biyu a fuska. A ƙarƙashin keken akwai kwandon da yake tara ƙyallaye, wuri mai ɗumi, busasshe, a duk gidan ba inda ya fi shi. Ya sunkuya ne ya ɗauki ƙyalle, fuskarsa ta zo daidai. Kumurcin na tsaye cikin kwandon, kai a buɗe. Na kauda fuska na danne shi, na jefa a jaka, ko numfashi uku ban yi ba.

Muka fito da Malam tsakar gida. Na sa aka riƙe shi, na buɗe idon da ƙarfi ina kwarara ruwa, tulu biyu. Wata Bafulatana cikin waɗanda ruwa ya koro tana da madara, aka kawo na zuba. Na barbaɗa garin makarina, wanda har yau ban sani ba ko taimako ya yi ko ƙari. Malamin asibiti ya zo ya duba ya ɗiga nasa, ya ce wannan sai Kano. Hanya kuwa ruwa. Kafin a samu kwale-kwalen da zai kai shi tasha, a samu jirgi, kwana tara sun wuce. Ya dawo bayan wata guda idon dama ya yi fari fat, na hagu yana ganin haske da duhu, ba ya raba mutum da itace.

Ga abin da ya fi ci min rai. Ba wanda ya tuhume ni. A shekarar maciji na shiga kowane gida, kowa ya ce na ruwa ne. Iya Talle ta dama min fura da hannunta, tana cewa Allah ne ya sa da gardi a gidan, da yanzu an yi gawa. Labari ya zaga gari cewa na kama kumurci cikin ƙiftawar ido. Makarina bai taɓa tafiya kamar wannan shekarar ba, har daga Auyo ake aiko a saya. Ina ƙullawa ina miƙawa, ana sa min albarka.

Da hanya ta buɗe na kwashe duka na kai wa akawu, har Na-Guri. Na ce wa Iya ɗakin ya yi min kaɗan. Na zo nan bayan gari na kafa bukkar da kuke gani, inda maƙwabcina na kusa tsamiya ce. Tun daga ranar ban sake kwana da maciji a gidan da wani ke kwana ba. Tukwane huɗu, ba na ƙarawa ko wa ya roƙa. Bulama, mai unguwarmu, ya san ko guda nawa ne, ya san irinsu. Sau biyu tun daga nan wani ya fita, kuma duk sau biyun ban tsaya sa riga ba, na fita ina ihu har masu noma a fadama suka ji. An yi min dariya, wasu sun daina sayen maganina. Ban mutu da yunwa ba.

Amma gidan Iya Talle ban iya bi ta ƙofarsa ba, sai in zaga. Ina jin labari daga nesa: Malam ya sayar da keke, ya koma tufkar igiya a zaure, Falmata na kai masa kasuwa. Shekara biyu ina zagawa. Wata rana bayan la'asar na gaji da zagawar, na shiga. Yana zaune ya miƙe ƙafa, igiya a babban yatsansa, kaba a jiƙe cikin ƙwarya a gefe. Na yi sallama.

"Haruna ne? Lale. Ka tuna da mu."

Na zauna a ƙasa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na faɗa.

"Malam, macijin nan ba na ruwa ba ne. Nawa ne."

Hannunsa bai tsaya ba.

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Kai. Da ka shigo da sandarka, idona na ci da wuta amma kunnena lafiya lau. Cewa ka yi, Na-Guri, kwanta, ka ja min. Mutum ba ya kiran macijin daji da suna."

Wallahi ban san na faɗa ba. Na ce, "To me ya hana ka gaya wa mutane?"

"In gaya musu su kai ka gaban alƙali, a ɗaure ka, sai idon ya dawo? Shekara takwas muna bango ɗaya ban ga sakacinka ba. Na ce dabba ce, ta fita da safe, kafin ka farga ta riga ka. Abin da Allah ya rubuta ne. Ko Falmata ban gaya wa ba. Tun ina Kano na yafe maka, jira kawai nake ka zo ka faɗa da bakinka."

Da na yi shiru a nan da na tashi da yafiyata a hannu. Ya riga ya ba ni, ba wanda zai karɓe. Na dubi farin idon nan yana kallon gefen kaina, ya ɗan kuskure inda nake.

"Malam, ba da safen nan ya fita ba."

Igiyar ta tsaya.

"Yaushe?"

"Kwana uku kafin nan."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tokar nan da ka zuba mana a ƙofa."

"Sawunsa nake nema."

A cikin gida wata na jan ruwa, ina jin guga na bugun bakin rijiya. Ya laluba ƙwaryar, ya zaro kaba ɗaya, ya riƙe ta bai haɗa ba.

"Kwana uku," ya ce. "Ina nan bayan bangonka, ina sunkuyawa kwandon nan sau ashirin a yini."

"Malam, ka yafe min."

"Wancan na yafe. Wannan yanzu na ji shi." Ya haɗa kabar, ya murza a cinya. "Tashi ka tafi, Haruna. Ka bar ni in ji shi tukuna."

Na tashi. Na koma bayan wata guda, aka ce yana barci. Na koma da salla, Falmata ta karɓi goron ta ce za ta faɗa masa. Ya yi shekara shida bayan nan yana tufka a zauren. Ranar da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma har muka sa shi a ƙasa bai aiko a kira ni ba.